Ɗan Kallo Ko Ɗan Gida: Me Kuɗin Ƙofa Ke Saya?

Duk inda masoya ƙagaggun labaran kimiyya suka haɗu a intanet, akwai tambayar da ba ta rasa mai yin ta: ina za a sami taro mai armashi, wanda yake kusa, kuma wanda ba zai yashe aljihu ba? Da jin tambayar sai a ɗauka maganar kuɗin mota ce da na tikiti. Amma idan aka zauna aka tsefe ta, za a tarar da wata tambayar kwance a ƙarƙashinta, wadda ta fi ta nauyi. Idan mutum ya miƙa kuɗi a bakin ƙofar taro, me ya saya? Kallo ya saya, ko wurin zama a cikin dangi? In kuma an bar shi ya shiga da araha ko a kyauta, wa ya biya masa, kuma me ake bin sa?

Ga wanda bai saba da harkar ba, ƙagaggun labaran kimiyya su ne labaran kumbon da ke ratsa taurari, da mutum-mutumi mai tunani, da tafiya zuwa zamanin da ya wuce ko wanda bai zo ba, da yadda duniya za ta kasance ranar da iskar shaƙa ta zama kayan sayarwa. Masoyansu kan shirya taro na kwana biyu zuwa biyar, galibi a otal. A can ake zaman tattaunawa da marubuta, a baje littattafai, wasu su yi shigar jaruman da suke so, wasu kuma su raba dare suna musu a kan ko injin da aka siffanta a wani littafi zai iya aiki da gaske. Mu da muke sana'ar rubuta manhaja, abin ya shafe mu ta fuska biyu. Da yawanmu irin waɗannan labarai ne suka fara kwaɗaita mana kwamfuta, sannan sana'armu ita ma a kan wannan tambaya take tsaye, ta wa ke biya da wa ke morewa.

Tushen abin

A watan Afrilu na 1926 Hugo Gernsback ya fara fitar da mujallar Amazing Stories a Amurka, mujalla ta farko da ta keɓe kanta ga irin waɗannan labarai. Abin da ya haɗa kan masu karanta ta shi ne shafin wasiƙu, domin akan buga wasiƙar mai karatu tare da adireshinsa. Yaron da ke wani ƙaramin gari, wanda 'yan ajinsu ke yi wa dariya don yana maganar zuwa duniyar wata, sai ya buɗe mujalla ya ga ashe akwai irinsa a gari kaza, ga ma lambar gidansu. Daga nan wasiƙu suka fara kai-komo, aka kafa ƙungiyoyi, aka shiga buga ƙananan mujallu da injin hannu ana aika wa juna ta gidan waya. Sau da yawa ladan mai bugawar bai wuce a aiko masa da wasiƙar sharhi ko a yi musaya da wata mujallar ba.

Zumunci kuwa a ƙafa yake. A watan Oktoba na 1936 wasu samari daga Niyok suka hau jirgin ƙasa zuwa Filadalfiya, suka zauna a gidan su Milton Rothman, falo ɗaya ya ishe su. A ranar 3 ga Janairu 1937 kuma kimanin mutum 20 suka haɗu a Leeds ta Ingila, cikinsu har da Arthur C. Clarke tun kafin duniya ta san sunansa. Har yau masoya na musun wanne ne taro na farko a cikin biyun.

A watan Yuli na 1939 aka yi taron duniya na farko, wanda ake kira Worldcon, a Niyok, mahalartansa kimanin 200. Lokacin Amurka ba ta gama farfaɗowa daga karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929 ba. An shirya liyafar cin abinci a kan dala 1, amma kaɗan daga cikin mahalartan ne suka shiga. Ray Bradbury yana ɗan shekara 18, yana sayar da jarida a bakin titi a Los Anjalis, kuma da rancen da abokinsa Forrest Ackerman ya ba shi ya hau bas ya ratsa faɗin ƙasar. Wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan marubutan Amurka da kuɗin aro ya isa ƙofar taron. Ke nan matsalar kuɗi ta girmi duk wani tikiti na zamani, kuma maganinta na farko shi ne wani ya ɗauki nauyin wani.

Ƙofa biyu

Daga wannan tushe taruka iri biyu suka fito. Na farko shi ne gagarumin baje-koli. Wanda ya fi suna shi ne Comic-Con na San Diyego, wanda ya fara a 1970 a ɗakin ƙasa na wani otal da mutum kimanin 300, yau kuma yake ɗaukar sama da 130,000. Babban zaurensa na cin mutum kimanin 6,500, mutane kuma kan kwana a layi don su sami shiga su ga 'yan fim suna tallar sabon fim. A yawancin taruka masu wannan salo, musamman waɗanda kamfanoni ke shiryawa don riba, tikitin shiga somin-taɓi ne. Ɗaukar hoto da jarumi kuɗi ne, sa hannunsa a takarda kuɗi ne, akwai kuma tikiti na musamman da ke tsallakar da mai shi gaban layi.

Na biyu shi ne taron da masoya ke shiryawa da kansu, irin su Worldcon, da Eastercon da ke yawo gari-gari a Birtaniya duk hutun Ista, da ɗimbin ƙananan taruka na mutum ɗari biyu ko ɗari biyar a garuruwan Amurka da Turai. A nan ba a cewa mutum ya sayi tikiti, cewa ake ya zama mamba. Masu shiryawa ba su da albashi. Ban da manyan baƙi 'yan ƙalilan da aka gayyata, marubuci komai shahararsa shi ma biyan kuɗin mamba yake, kuma ba ya karɓar ko sisi don ya sa hannu a littafi. A Worldcon mambobi ne ke zaɓen garin da za a yi taron shekara biyu masu zuwa, su ke jefa ƙuri'ar lambar yabo ta Hugo wadda aka fara bayarwa a 1953, su ne kuma ke iya sauya dokokin taron, da sharaɗin sai an amince da sauyin a taro biyu a jere. A tarukan Amurka har akwai al'adar keɓe ɗaki guda da ake ajiye abinci da abin sha, duk mamba ya shiga ya ci.

Wani zai ce ai duk kanwar ja ce, tunda ko ta wace ƙofa aka bi sai kuɗi ya fita daga aljihu, kuɗin mamba na Worldcon ma yakan haura dala 200. Gaskiya ne, sai dai kuɗi ba aiki ɗaya yake yi a ko'ina ba. Wanda ya biya kuɗin gidan kallo da wanda ya ba da karo-karon gyaran rijiyar unguwa duk sun fitar da kuɗi, amma idan abu ya lalace, na farko zai nemi a maido masa da kuɗinsa, na biyu kuma zai cire riga ya shiga aiki.

Masanin zamantakewa na Ingila, Richard Titmuss, ya nazarci wannan a littafinsa na 1970 a kan bayar da jini. Ya kwatanta Birtaniya, inda ake bayarwa kyauta, da Amurka, inda a lokacin ake sayen wani kaso mai yawa, ya kuma kafa hujjar cewa sanya wa jini farashi na rage wa mutane jin cewa bayar da shi haƙƙi ne a kansu. Michael Sandel na Jami'ar Harvard ya ɗora a kan wannan a littafinsa na 2012, inda ya nuna cewa kasuwa na iya ɓata abu ta hanya biyu: ta hana marar hali, ko kuma ta sauya ma'anar abin kansa. Duka biyun suna nan a ƙofar taro. Tikiti mai tsada na barin ɗalibi a waje. Hoton da aka saya kuwa, ko da kowa na da kuɗin sayensa, ya riga ya mai da gaisuwa ciniki.

A yi wa baje-koli adalci

Bai kamata mu ɗauki babban taro a matsayin mugu ba. Mai zanen da ya kama rumfa a can, a kwana huɗu zai iya haɗuwa da masu saye da ba zai gani a shekara guda ba. Ɗan fim ɗin da tauraronsa ya dushe, da kuɗin sa hannu yake cin abinci. Masu gadi da masu shara ana biyan su ladan aikinsu, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Sannan tikiti na da wani adalci irin nasa: ba ya tambayar ɗan gidan wane kai, ba ya tambayar littafi nawa ka karanta. Ka biya, ka shiga.

Aristotil ya kasa abota gida uku: ta amfani, ta jin daɗi, da ta halin kirki. Bai haramta biyun farko ba, ya dai nuna cewa sukan yanke da zarar amfanin ko daɗin ya ƙare, alhali ta ukun sai an daɗe ana cuɗanya kafin ta ƙullu. Baje-koli na sayar da jin daɗi, kuma ba ya ɓoye cewa abin da yake sayarwa ke nan. Kuskuren yana wajen mai zuwa da tsammanin zai dawo da dangi. Mutum na iya yini a tsakiyar mutum dubu ɗari ya fito babu wanda ya san sunansa, babu kuma wanda zai lura idan bai dawo baɗi ba. A ƙaramin taro, inda mutum ɗari biyu ke haɗuwa shekara bayan shekara, rashin zuwan mutum ɗaya kan sa a buga waya a tambayi lafiya.

Banza ba ta kai zomo kasuwa

Sai dai arahar ƙaramin taro ba daga sama take faɗowa ba. Otal ba ya ba da zaure kyauta, na'urar sauti haya ce, takardu bugawa ake. Abin da ya sa kuɗin ƙofa ya sauko shi ne wasu mutane sun shafe shekara suna aiki ba lada: mai riƙe da lissafi, mai tsara jadawalin tattaunawa, mai zama a teburin rajista yana kallon wasu na wucewa zuwa zaman da shi ma yake son halarta. Duk araha da muka mora a can, gumin wani ne aka rangwanta mana.

Mu masu rubuta manhaja mun san wannan labari ciki da bai. Intanet ɗin da mai karatu ke karanta wannan rubutu a kai, kaso mai yawa nasa na tafiya ne a kan buɗaɗɗun manhajoji, waɗanda mutane suka rubuta suka saki kyauta, kowa ya ɗauka ya gyara. Muna ma da namu taron mai kama da na masoyan labarai, wato FOSDEM da ake yi duk shekara a wata jami'a a Brussels ta Beljiyam, inda dubban mutane ke shiga ba tikiti ba rajista, 'yan sa-kai ke riƙe da komai. Amma a watan Afrilu na 2014 duniya ta ga ɗaya fuskar kyauta. An gano wata ɓaraka da aka sa wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke kulle bayanan sirri tsakanin na'urar mutum da shafukan intanet masu ɗimbin yawa. Da aka duba sai aka tarar mutane ƙalilan ne ke kula da ita, kuma gudummawar da jama'a ke aika musu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba, alhali manyan kamfanoni na cin moriyarta. Kowa na ɗiba, kowa kuma na zaton akwai wani da ke zubawa.

Haka ƙananan taruka ke mutuwa. Ba kasafai rashin masu zuwa ke kashe su ba, gajiyar masu shiryawa ce. Mutum biyar ɗin da suka fara su ne dai bayan shekara goma sha biyar, gashi ya yi furfura, babu magaji. A nan ne nauyi ke dawowa kan mai neman araha. Wanda ya shiga gayya da tunanin ɗan kasuwa, ya ci tuwo ya kama gabansa, har yana ƙorafin miya ba gishiri, ya ci haƙƙin mutane ko da bai karya wata doka ba. Yaba kyauta tukwici. Tukwicin a nan bai zama dole ya zama kuɗi ba: awa biyu a teburin rajista, ɗaukar kujeru bayan an tashi, ko jagorantar zama guda a kan littafin da mutum ya sani. Taruka da yawa ma na rage wa mai aikin sa-kai kuɗi ko su maido masa da shi, wanda ke nuna cewa hanya mafi araha ta shiga ita ce kuma hanyar zama ɗan gida.

Ƙofofin da ba a gani

Kada kuma mu tsarkake taron masoya, domin kuɗi ba shi kaɗai ke rufe ƙofa ba. A taron 1939 ɗin nan da muka ambata, masu shiryawa ƙarƙashin Sam Moskowitz sun hana mutum shida na wata ƙungiyar masoya mai suna Futurians shiga, saboda tsohuwar gaba da saɓanin siyasa. Cikin waɗanda aka tsayar a waje akwai Frederik Pohl da Donald Wollheim. Pohl ya zama babban baƙon Worldcon a 1972, Wollheim kuma a 1988. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Inda kowa ya san kowa, sabon zuwa na iya tsayawa a bakin ɗaki kamar wanda ya faɗa bikin da ba a gayyace shi ba, mace kuma na iya rasa wanda za ta kai wa ƙara idan wanda ya ci zarafinta aminin shugaban kwamiti ne. Shi ya sa a 2013 marubuci John Scalzi ya shelanta cewa ba zai ƙara halartar taron da ba shi da rubutacciyar doka a kan cin zarafi ba, ɗaruruwa kuma suka sa hannu suka mara masa baya.

Zama mamba shi ma ana iya sayensa don wata manufa. Da kimanin dala 50 mutum na iya samun damar jefa ƙuri'ar Hugo ba tare da ya halarci taron ba. A 2015 wasu ƙungiyoyi biyu suka haɗa baki suka cika jerin 'yan takara da mutanensu, sauran mambobi suka fusata suka zaɓi kada a ba kowa kyautar a rukuni biyar. Daga baya aka sauya tsarin lissafin ƙuri'un tsayar da 'yan takara, yadda gungu ɗaya ba zai iya kwashe dukkan guraben ba. A taron Glasgo na 2024 kuma masu ƙidaya suka soke ƙuri'u 377 da aka jefa da sunayen bogi. Duk wanda ya taɓa gina manhajar zaɓe ya san wannan ciwo: in ka sauƙaƙa shiga, maguɗi ya samu hanya, in ka tsaurara, talaka ya tsaya a waje. Babu lissafin da ke raba wannan gardama gaba ɗaya, sai mutane masu amana da ke zaune suna dubawa.

Sai babbar ƙofa, wato nisa. Ana kiran Worldcon taron duniya, amma sai a 1957 ya fara fita daga Arewacin Amurka zuwa Landan, sai a 2007 ya taka Asiya a Yokohama ta Japan, kuma har zuwa 2025 ba a taɓa yin sa a Afirka ba. A canjin 2025, dala 50 ɗin da Ba'amurke ke gani araha ta kai mafi ƙarancin albashi na wata guda a Najeriya, wato naira 70,000. Kuɗin neman bizar ziyara ta Amurka dala 185 ne, kuma ba a maidowa idan an hana. A 2022 marubucin Najeriya Oghenechovwe Donald Ekpeki, wanda labarinsa O2 Arena ya ci lambar Nebula ya kuma kai zagayen ƙarshe na Hugo, an hana shi biza da farko, sai daga baya ya samu ya halarci taron Shikago. Idan haka ta faru da wanda sunansa ke cikin jerin 'yan takara, ina ga mai karatu kawai?

Wannan ya wuce maganar wa ya sha nishaɗi wa ya rasa. A waɗannan ɗakuna editoci ke haɗuwa da sababbin marubuta, a nan ake yanke wane littafi ne za a ɗaga a nuna wa duniya. Labaran kuma su ne ke horar da tunanin yaran da gobe za su ƙera injuna su rubuta manhajoji. Idan ɗakin da ake hasashen gobe a cikinsa na masu dala ne da masu fasfo mai ƙarfi kawai, to goben da za a hasaso za ta yi kama da su, saura kuma su tsinci kansu a ciki a matsayin 'yan rakiya.

Su kansu masoyan sun daɗe da gane haka. A 1952 suka yi karo-karo suka kawo Walt Willis daga Belfast zuwa taron Shikago, kuma daga wannan aka kafa asusun TAFF a 1953, wanda ke ɗaukar nauyin masoyi guda ya tsallaka tekun Atilantika, wani zubin daga Turai, wani zubin daga Amurka. Da gwanjo da gudummawa ake tara kuɗin. Abin lura a tsarin shi ne wanda aka kai ba ya tafiya haka nan: ana sa ran ya rubuta labarin tafiyarsa, sannan shi zai riƙe asusun ya tara wa na bayansa. A 2009 kuma aka kafa Con or Bust don tallafa wa baƙaƙen fata da sauran waɗanda ba Turawa ba su halarci taruka. Kyauta ce da ba ta mai da mai karɓa almajiri, domin tana miƙa masa aiki tare da kuɗin.

Abin da kusa ke nufi

Asusu irin wannan mutum ɗaya ko 'yan ƙalilan yake ɗauka a shekara. Sauran jama'a fa? A nan ne kalmar kusa, wadda ke cikin tambayarmu ta farko, take nuna nauyinta. Mutanen Japan ba su jira an kawo musu taron duniya ba. A watan Disamba na 1975 suka fara Comiket a Tokiyo da rukunin masu zane 32 da mahalarta kimanin 700, ya kuma girma har ya riƙa tara sama da mutum rabin miliyan. Duk da wannan girma, ƙa'idarsu ita ce babu wanda ake kira mai saye ko baƙo; mai rumfa da mai yawo da mai tsaron layi duk mahalarta ne, kowa da nauyin da ke kansa. Wannan na nuna cewa girma kaɗai ba ya mai da taro kasuwa, matuƙar an riƙe ma'anar.

A Najeriya ma an fara. Ayodele Elegba ya kafa Lagos Comic Con a 2012. Mujallar Omenana ta fara fitowa a intanet a 2014 tana buga ƙagaggun labaran marubutan Afirka. A 2017 aka fara ba da lambar Nommo a bikin littattafai na Ake a Abekuta, inda littafin Tade Thompson mai suna Rosewater ya yi nasara. Mu kuma masu karatu da Hausa ba baƙi ba ne a wannan fage. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka duniyar wata, aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da baƙon sararin samaniya Kolin Koliyo. Littafin ya haura shekara 50, kuma da yawan waɗanda suka karanta shi a makaranta suna nan da ransu, kowanne na zaton shi kaɗai ya rage yana tuna shi, kamar dai yaran nan na zamanin Gernsback kafin su ga adireshin juna.

Don haka idan muka tashi auna wani taro, ko a Legas ne ko a Landan ko a intanet, kamar yadda annobar korona ta sa aka yi Worldcon na 2020, adadin da ke kan tikiti shi ne tambaya ta ƙarshe. Kafin ita akwai wasu. Su wa suka shirya, kuma ina rarar kuɗin ke tafiya? Ana bayyana lissafi bayan an tashi? Akwai rangwame ga ɗalibi, ko kuɗin yini ɗaya ga wanda ba zai iya na kwana uku ba? Wa ke tarbar sabon zuwa? Mai keken guragu zai iya shiga zauren? Wa mace za ta kai wa ƙara? Akwai aikin da za a iya ba wanda ya ce yana son taimakawa? Taron da ya amsa waɗannan da kyau yakan kasance shi ne mai armashin, domin armashi a irin wannan wuri daga mutanen yake fitowa, kuma mutane sun fi sakin jiki a inda suke jin da su aka gina.

Matsayarmu ke nan. Babu laifi mutum ya sayi kallo, in ya san kallo ya saya. Babu kuma laifi ya nemi araha, domin neman araha ne ya shigar da Bradbury. Laifin shi ne ya karɓi rangwamen ɗan gida ya yi zaman ɗan kallo. Su kuma 'yan gida, laifinsu shi ne su manta cewa akwai wanda ke tsaye a waje, ko don kuɗi, ko don nisa, ko don babu wanda ya ce masa bismilla.

Wanda kuma ya duba garinsu bai ga taro ba, ya tuna cewa na Filadalfiya falo ne da 'yan samari. Abin da ake buƙata bai wuce aji guda a wata makaranta ranar Asabar ba, da littafi ɗaya ko fim ɗaya da kowa ya gani, da karo-karon kuɗin ruwa da man janareta, da takardar da za a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a karanta wa kowa kafin a watse. A ware kuma kujeru biyu ko uku ga waɗanda ba su da abin bayarwa, a ba su aikin jera kujerun, a rubuta sunayensu cikin waɗanda za su shirya na gaba.